Zane a Bango, Gatari a Kurmi

Kowace satar ƙasa da ƙarya take farawa. Kafin a kai gatari gindin bishiya, sai an fara sara da harshe: a ce wurin nan babu kowa, ko a ce mutanen da ke cikinsa sun ƙare tuntuni, ko kuwa a ce waɗanda suka rage ba su cika mutane ba balle a nemi yardarsu. Da wannan ƙarya aka ci ƙasar da ake kira Birazil yau, tun daga 1500 da jiragen ruwan Fotugal suka sauka a gaɓarta, kuma da ita ake cin kurmin Amazon har gobe. A 1970, lokacin da gwamnatin soja ta tashi yanka hanyar mota ta ratsa kurmin, kirarin da ta yi wa aikin shi ne cewa za ta kai mutane marasa ƙasa zuwa ƙasa marar mutane. A cikin wannan ƙasa da aka ce ba ta da mutane akwai al'ummomi masu harsunansu da gonakinsu da makabartunsu. Hukumar binciken gaskiya da Birazil ta kafa daga baya ta bayyana a rahotonta na 2014 cewa aƙalla 'yan asalin ƙasa 8,350 ne suka mutu tsakanin 1946 da 1988 sakamakon abin da gwamnati ta aikata ko ta kau da kai a kansa.

Wanda aka yi wa ƙaryar cewa babu shi, maganinsa na farko shi ne ya fito a gan shi. Abin da masu zane da masu saƙa da masu ɗaukar hoto na 'yan asalin Birazil suke yi ke nan a 'yan shekarun nan, kuma duniya ta fara tafa musu. Wannan maƙala tana tare da su, tana kuma da faɗa da mutane iri uku: masu cewa bai kamata fasaha ta shiga rigimar ƙasa ba, da masu cewa zane ba ya hana komai, da kuma mafi hatsari a cikinsu, wato masu yabon zanen da bakinsu alhali hannunsu yana cikin zinaren da ke kashe masu zanen. Hujjata guda ce. Aikin waɗannan mutane shaidar mallaka ce, kuma duk yabon da ba ya ƙarewa da shata musu iyakar ƙasarsu ci gaban satar ne cikin tufafi masu kyau.

Baƙin da ya shiga kundin tsarin mulki

Masu cewa a raba fasaha da gwagwarmaya ya kamata su fara da ranar 4 ga Satumba, 1987. A ranar ce wani saurayi mai suna Ailton Krenak ya hau mumbarin majalisar da ke rubuta wa Birazil sabon kundin tsarin mulki bayan faɗuwar mulkin soja. Farar kwat ce a jikinsa, irin shigar 'yan majalisar. Yana magana cikin natsuwa a kan haƙƙin mutanensa, yana lakato baƙin rinin da ake samu daga 'ya'yan itacen jenipapo yana shafawa a fuska, har ya rufe ta baki ɗaya. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Amma duk wanda ya kalla ya gane abin da ya gani: mutumin da aka so ya narke cikin farar kwat ya bayyana asalinsa a gaban masu rubuta doka, da launin da kakanninsa suke shafawa.

Don a san nauyin abin, sai a tuna matsayin 'yan asali kafin ranar. Dokar farar hula ta 1916 ta sanya su cikin jerin waɗanda hankalinsu bai kai su gudanar da dukkan al'amuransu da kansu ba, tamkar yaran da ba su gama balaga ba. Dokar 1973 kuwa ta ɗauki kasancewa ɗan asali a matsayin zango na wucin gadi, wanda mutum zai wuce ya zama ɗan ƙasa sosai. Kundin 1988 ya rushe wannan tunani. Sashe na 231 ya amince da harsunansu da al'adunsu da tsarin zamansu, ya kuma ce haƙƙinsu a kan ƙasashen da suke zaune a kai na asali ne, wato ya riga gwamnatin kanta. Ba fuskar Krenak kaɗai ta kawo wannan ba. Shugabannin al'ummomi da dama sun yi ta zarya a birnin Brasiliya, lauyoyi sun yi aiki, an tara sa hannun jama'a. Amma tambayi ɗan Birazil abin da yake tunawa daga wannan gwagwarmaya, fuskar nan zai ambata. To wanne ne fasaha a nan, wanne ne siyasa? Rinin shi ne jawabin. Wanda ya ce a raba su, cewa yake yi a bar Krenak ya yi kwalliya amma ya rufe baki.

Rarrabewar da ake yi tsakanin abin ƙawa da abin amfani ma ba tasu ba ce. A wurin Kayapo da Huni Kuin da Wajapi, zanen da ke jikin mutum yana faɗin danginsa da shekarunsa da halin da yake ciki, ko biki ne ko makoki. Kwando da tukunya da hular gashin tsuntsu duk suna ɗauke da sanin wace bishiya ce ke ba da wane launi, wane tsuntsu ne ke zuwa a wane wata, wace kunkumar daji ce ba a taɓawa. Idan kurmin ya tafi, rinin ya tafi, tsuntsun ya tafi, zanen ya zama hoton abin da babu. Mai zanen da ke kare kurmi yana kare tawadarsa da alƙalaminsa ne. Ba wani ɗan boko daga Turai ne ya koya masa haɗa biyun ba.

Su wa suka rubuta tarihin zane?

Ƙaryar nan ta “babu kowa” ba a gona da kotu kaɗai take zaune ba, tana nan cikin littattafan makaranta da gidajen tarihi. Shekaru aru-aru ana kwasar kayan 'yan asali ana jera su a gidajen nazarin halittu, kusa da ƙasusuwan dabbobi da busassun ƙwari, ba tare da sunan wanda ya yi su ba. Zanen Bature yana da mai shi da shekararsa. Na ɗan asali kuwa “kayan ƙabila” ne. Masu zanen zamani na Birazil sun ɗebi labaransu da siffofinsu sun yi suna da su. A 1928 Mario de Andrade ya wallafa shahararren littafinsa Macunaima, wanda ya gina a kan tatsuniyoyin da wani Bajamushe mai bincike ya tattara daga mutanen arewacin Amazon. Littafin ya zama abin alfaharin ƙasa, masu labarin kuwa ba wanda ya tambayi halin da suke ciki.

Jikokin masu labarin ne suka zo karɓar bashi. Jaider Esbell, ɗan al'ummar Makuxi da aka haifa a 1979 a jihar Roraima, ya fito fili ya ce Makunaima kakansa ne, ba jarumin littafin wani ba. Ya samo wani ƙaton littafin tarihin zanen Turai mai shafuka wajen 400, ya bi shi shafi-shafi yana zane da rubutu a kan hotunan, ya sa wa aikin suna Wasiƙa zuwa ga Tsohuwar Duniya. Abin da aka yi wa ƙasarsa, na rubuta sabon suna a kan tsoho, shi ya mayar wa littafin. A 2018 kuma Denilson Baniwa, daga yankin kogin Rio Negro, ya shiga babban baje kolin zane na Sao Paulo ba tare da gayyata ba, sanye da fuskar damisa. Ya sayi littafin taƙaitaccen tarihin zane a shagon wurin, ya tsaya gaban manyan hotunan mutanen Selk'nam, wata al'umma ta ƙarshen kudancin nahiyar da aka yi wa kisan ƙare dangi, ya yayyaga littafin yana faɗin dalilinsa: ana nuna 'yan asali matattu, ba a gayyatar rayayyu.

Masu son ladabi za su ce wannan rashin kunya ne. In haka ne, rashin kunyar ta yi abin da ladabin shekara ɗari bai yi ba. A 2020 gidan zane na Pinacoteca da ke Sao Paulo ya shirya baje kolin masu zane 'yan asali wanda 'yar asali, Naine Terena, ta tsara. A 2021 baje kolin da Baniwa ya kutsa cikinsa ya buɗe ƙofa ga masu zane 'yan asali da dama, manyan macizan da Esbell ya ƙera suna shawagi a tafkin da ke kusa da zauren. Esbell ya rasu a watan Nuwamba na shekarar yana da shekara 42, baje kolin bai ma rufe ba. In ba ka yi kuka ba, in ji masu iya magana, uwa ma ba ta ba ka nono.

Alkyabbar da ta dawo, ƙasar da ba ta dawo ba

Babu misalin da ya fi nuna cewa kayan fasaha shaida ne kamar alkyabbar Tupinamba. Su Tupinamba mutanen kurmin gaɓar teku ne, ba na Amazon ba, kuma suna cikin waɗanda suka fara haɗuwa da Turawan Fotugal. An daɗe ana koyar da cewa sun ƙare. Alkyabbobinsu na jan gashin tsuntsu, waɗanda manya ke yafawa a bukukuwa masu tsarki, an kwashe su zuwa Turai tun ƙarni na 16 da na 17. Goma sha ɗaya ne suka rage, kuma kafin 2024 dukkansu a Turai suke. A shekarar 2000 aka aro ɗaya daga gidan tarihin ƙasar Danmak aka kawo ta Sao Paulo don bikin cika shekara 500 da zuwan Turawa. Sai ga dattawa daga Olivença a jihar Bahiya sun tsaya gaban gilashin sun ce: wannan tamu ce, mu ne Tupinamba. Waɗanda littafi ya binne sun zo ganin kayan kakanninsu. Ba da daɗewa ba gwamnati ta amince da su a hukumance.

Glicéria Tupinamba ta ɗauki abin daga nan. Ta duba hotunan tsofaffin alkyabbobin, ta tambayi tsofaffin mata yadda ake ƙulla zare, ta saƙa sabuwa a 2006. Aikin ya nuna wani abu da lauya ba zai iya nunawa ba: ba a saƙa alkyabba sai da gashin tsuntsu, tsuntsu ba ya zama sai da bishiya, bishiya ba ta tsayawa sai ƙasar tana hannun masu barinta ta tsaya. A watan Yuli na 2024 Danmak ta mayar da tsohuwar alkyabbar, bayan ta shafe fiye da shekara 300 a can. An yi murna, an yi jawabai. Amma an sauke ta a gidan tarihi na Rio de Janeiro ba tare da masu ita suna wurin ba, abin da ya ɓata musu rai ƙwarai. A lokacin kuma ƙasarsu, wadda hukumar kula da 'yan asali ta tantance tun 2009, tana nan ba a kammala shata ta ba. An mayar da riga, an riƙe gida. Wannan shi ne hoton dukkan abin da nake magana a kai.

Shin zane yana tsayar da zarto?

Sai masu shakka. Suna cewa: duk wannan daɗin baki ne, ba a taɓa ganin hoton da ya kashe injin yankan katako ba. Suna da misali mai ƙarfi. A watan Fabrairu na 1989, a garin Altamira, wata mata Bakayapo mai suna Tuire ta taso cikin taro, jikinta da zanen mutanenta, ta ɗora gefen addarta a kumatun wani babban jami'in kamfanin wutar lantarki da ya zo kare shirin datse kogin Xingu. Hoton ya zaga duniya. Duk da haka an gina madatsar, da sabon suna Belo Monte, ta fara ba da wuta a 2016, ta rage ruwan wani dogon lanƙwason kogin da al'ummomi ke kamun kifi a cikinsa. Ina amfanin hoton, in ji su?

Amsar tana cikin lissafin shekarun. Bayan taron Altamira Bankin Duniya ya janye daga rancen da ake sa rai, shirin ya kwanta shekara da shekaru, kuma da aka farfaɗo da shi sai da aka rage girman tafkin da zai haɗiye daji. Yaran da aka haifa a bakin Xingu a 1989 sun girma sun yi 'ya'ya kafin a toshe kogin. Ga wanda ke zaune a ofis wannan jinkiri ne kawai. Ga mai rayuwa da kifin kogin, rayuwar tsara guda ce.

Ga kuma Yanomami, a kan iyakar Birazil da Benezuwela. A tsakiyar shekarun 1970 hanyar soja ta ratsa ƙasarsu ta kawo ƙyanda da mura, a ƙarshen shekarun 1980 kuma masu haƙar zinare wajen 40,000 suka kwararo. Mai ɗaukar hoto Claudia Andujar, wadda ba 'yar asali ba ce, ta shafe shekaru tare da su. Ta kai musu takarda da alƙaluman launi, suka zana duniyarsu da hannunsu. Hotunanta da zanensu da muryar shugabansu Davi Kopenawa su ne suka ɗauki maganar zuwa ƙasashen waje, har gwamnati ta shata musu ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 96,000 a 1992, gab da babban taron muhalli na Rio. Gaskiya ne zane bai kama ko ɓarawo ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya sa kunya ta yi tsada, har mai mulki ya ga sa hannu ya fi masa sauƙi.

Shata iyakar kuwa ba tausayi ba ne, ita ce hanya mafi inganci da aka sani ta tsare kurmi. Hotunan tauraron ɗan'adam da cibiyar MapBiomas ta nazarta sun nuna cewa cikin shekaru talatin ƙasashen 'yan asali sun rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na dajinsu, alhali filayen da ke hannun masu zaman kansu sun rasa fiye da kashi ashirin. Daga sama ana ganin iyakar da ido: kore a ciki, jar ƙasa da makiyayar shanu da gonakin waken soya a waje. Mutanen da ƙidayar 2022 ta ce ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Birazil ba, wajen miliyan 1.7, su ne ke riƙe da katangar. Masu cewa ƙasar ta yi musu yawa kuma tana hana ci gaba su tuna daga ina ruwan samansu yake zuwa. Bishiyoyin Amazon suna tura tururi sama, iska ta kwashe shi zuwa tsakiya da kudancin ƙasar, inda manyan gonakin suke. Manomin da ke sare kurmi yana sare daminarsa ne da hannunsa.

Masu tafi da hannu ɗaya

Yanzu sai ɓangare na uku, wanda ya fi wuyar faɗa domin murmushi yake yi. Shekarar 2024 ta zama shekarar 'yan asali a duniyar zane. A babban baje kolin birnin Venis na Italiya, ƙungiyar masu zane ta Huni Kuin da ake kira MAHKU ce ta zane fuskar babban zauren tun daga sama har ƙasa. Rumfar Birazil an sauya mata suna zuwa Hãhãwpuá, sunan da Pataxo ke kiran ƙasar, 'yan asali uku suka tsara ta, aikin Glicéria yana tsakiya. Manyan kyaututtukan biyu sun tafi ga ɗan asalin Ostireliya Archie Moore da wata ƙungiyar matan Maori daga Niyu Zilan. A watan Afrilun shekarar Ailton Krenak ya zauna a kujerar Cibiyar Adabi ta Birazil, ɗan asali na farko da ya shige ta. Cibiyar Pompidou ta Faris ta riga ta sayi Wasiƙar Esbell. Tsohuwar Duniya ta karɓi wasiƙar, ta sa ta a gilashi. Ko ta karanta?

A duba abin da ke faruwa a ƙasa a daidai waɗannan shekaru. A 2019 aka harbe Paulo Paulino Guajajara, mai gadin daji, a cikin ƙasar mutanensa. A 2020 aka kashe Ari Uru-Eu-Wau-Wau. A 2022 aka kashe Bruno Pereira da ɗan jarida Dom Phillips a kwarin Javari. A shekarar da macizan Esbell ke shawagi a Sao Paulo, hukumar binciken sararin samaniya ta Birazil ta auna cewa an sare fiye da murabba'in kilomita 13,000 na Amazon, mafi yawa cikin shekara goma sha biyar, ƙarƙashin shugaban da ya yi alkawarin ba zai shata wa 'yan asali ko taƙi ɗaya ba, ya kuma cika alkawarin. A watan Janairu na 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a ƙasar Yanomami: masu haƙar zinare wajen 20,000 sun dawo, zaibar da suke wanke zinare da ita ta gurɓata koguna da kifi, zazzaɓin cizon sauro da yunwa sun yi kaka-gida, yara kimanin 570 sun mutu cikin shekara huɗu da cututtukan da ake iya magancewa. Mai karatun da ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Zinare ba ya kashe mai sa shi a wuya. Ɗan mai ƙasar yake kashewa.

A nan ne tambaya mai ɗaci take. Babban baje kolin hotunan Andujar da zanen Yanomami da ya zaga Faris da Niyu Yok, gidauniyar kamfanin Cartier ce ta ɗauki nauyinsa, kamfanin da sana'arsa sayar da kayan ado na zinare. Ba ana cewa ya sayi zinaren Yanomami ba ne, kuma gidauniyar ta daɗe tana hulɗa da su. Amma a 2023 wasu daga cikin masu fafutukar 'yan asali sun fito sun nuna rashin jin daɗinsu da yadda ake amfani da hoton mutanensu wajen gyara sunan masu cinikin zinare, kuma suna da gaskiyar tambaya. Kasuwar zinare ta duniya ba ta iya rantsuwa a kan asalin duk abin da take narkarwa, domin zinaren sata da na halal launinsu ɗaya da zarar sun shiga wuta. Duniyar da ke sayen zanen ita ce ke sayen naman shanu da waken soya da katako da zinaren. Hannu ɗaya yana tafi, ɗayan yana cikin aljihun mai zanen.

Hatsari na biyu shi ne a mayar da ɗan asali kansa abin ado. Masu tafi suna son shi da gashin tsuntsu a ka, yana maganar hikima a kan bishiyoyi. Ba sa son shi da waya a hannu, ko da lauya, ko yana tare hanya. Da zarar ya sa wando ya shiga jami'a sai a ce ai ba na gaske ba ne, kuma wanda ba na gaske ba ba shi da haƙƙin ƙasa. Tsohuwar ƙaryar ce ta sake riga. Shi ya sa Baniwa yake zana ɗan asali riƙe da kwamfuta, shi ya sa matasan ƙauyuka suke ɗaukar fim da kansu tun daga shirin bidiyo a ƙauyuka da aka fara a 1986, suna kuma tashin jirage marasa matuƙa don kama masu kutse. Al'ummomi ne fiye da 300 masu harsuna sama da 270, suna da saɓaninsu da masu kuskurensu kamar kowa. Haƙƙinsu bai dogara da su zama waliyyai ba.

Ma'aunin gaskiya

Da me za a auna yabo, a san na gaske ne? Su masu zanen sun riga sun ba da ma'auni. Taken MAHKU shi ne a sayar da zane a sayi ƙasa, kuma ba kirari ba ne kawai: a 2014 sun sayi hekta goma na daji a jihar Acre da kuɗin zane. A ajiye hekta goman nan kusa da hekta miliyan 1.3 da aka sare a shekara ɗaya. Mutane suna sayen gadonsu taƙi-taƙi da fenti, wasu suna kwashe shi da buldoza. Babu abin da ya fi wannan nuna jarumtar masu zanen, babu kuma abin da ya fi shi tona asirin sauran duniya.

Kundin 1988 ya ba gwamnati shekara biyar ta gama shata dukkan ƙasashen 'yan asali. Wa'adin ya cika a 1993, aikin bai ƙare ba har yau. Maimakon a gama, sai masu manyan gonaki suka ɓullo da wata dabara: wai al'umma ba ta da haƙƙin ƙasa sai in tana zaune a kanta ranar 5 ga Oktoba, 1988, ranar da kundin ya fara aiki. Ma'ana, wanda aka kora da bindiga kafin ranar ya yi asara, wanda ya kore shi ya ci riba. Kotun ƙoli ta yi watsi da wannan a watan Satumba na 2023. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta mayar da shi doka, ta tsallake ƙin amincewar shugaban ƙasa. Tambayar da ke gaban alƙalai da 'yan majalisa ita ce tambayar da alkyabbar Glicéria da littafin Esbell da fuskar Krenak suke amsawa: su wa ke nan, kuma tun yaushe?

Abin da ya rataya a wuyan masu tafi a bayyane yake. Gidan tarihin da ya rataye zanen Huni Kuin ya faɗi sunan mai zanen, ya biya shi farashin da yake biyan Bature, ya kuma buɗe baki ranar da majalisa ke yanka ƙasarsa. Wanda ke riƙe da sauran alkyabbobi goma ya tambayi masu su inda suke so su kasance. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin baje koli ya nuna daga wane rami zinarensa ya fito. Gwamnatin da ta kafa ma'aikatar 'yan asali a 2023, ta naɗa Sonia Guajajara minista, ta rage sarar daji da kusan rabi cikin shekara biyu, ta tabbatar da cewa abin yana yiwuwa in an so. Saura ta sa hannu a takardun da suka shekara talatin suna jira. Ɗalibin adabi kuma, a ko'ina yake, ya daina karanta irin wannan aiki kamar furen da aka tsinko. Ya tambayi ƙasar da ya tsiro a kai da wanda ke son ƙwace ta.

Zanen da MAHKU suka yi a bangon Venis labarin wani ƙaton kada ne da ya shimfiɗa bayansa ya zama gada, mutane suna tsallakawa daga wata ƙasa zuwa wata, bisa sharaɗin su ciyar da shi amma kada su ba shi naman ɗan'uwansa. Da suka karya sharaɗin, ya nutse, hanya ta yanke. Dubban baƙi sun tsaya gaban bangon sun ɗauki hoto sun yaba launukan. Masu zanen ba ado suka kawo musu ba, gargaɗi ne, kuma sun rubuta shi da girman da ba mai cewa bai gani ba.